Kimiyya A Sauƙaƙe: Yadda Likita Ke Leƙa Jijiyoyin Zuciya Ba Tare Da Ya Tsaga Ƙirji Ba

 

A gidaje da dama, idan Baba ko Kawu ko Kaka suka dawo daga asibiti da takarda, ɗan sakandaren gidan ake kira. "Kai ne ɗan boko, duba mana abin da likita ya rubuta." Sai ka duba ka ga ECG, ko CT, ko wata doguwar kalma da ko malamin Turanci sai ya ja numfashi kafin ya karanta. A gida kuwa duk suna ɗaya ake ba su, wato "hoton zuciya". To hoton zuciya ba iri ɗaya ba ne. Kowanne da tambayar da yake amsawa, kuma mutum yana iya yin ɗaya a ce masa sakamako ya yi kyau, ya koma gida da murna, alhali tambayar da ta fi muhimmanci ba a yi ta ba tukuna. Yau za mu duba yadda ake gano cutar toshewar jijiyoyin da ke ciyar da zuciya.

Ku tuna injin ban-ruwa a fadama. Yini yake yi yana tura ruwa, amma ba da ruwan yake aiki ba. Yana da ɗan siririn tiyonsa na mai, in datti ya toshe shi injin zai fara tari ya mutu, ko da kuwa rafi ya cika ya batse. Haka zuciya take. Tana bugawa kusan sau 100,000 a rana, jini yana shiga ɗakunanta huɗu yana fita, amma tsokarta ba daga wannan jinin take samun abinci da iskar oksijin ba. Tana da nata jijiyoyin guda biyu, ta dama da ta hagu, waɗanda suka fito daga gindin babbar jijiyar da ke ɗauke jini daga zuciya. Ta hagun tana rabuwa gida biyu, shi ya sa za ku ji likitoci suna maganar jijiyoyi uku. Kaurinsu bai wuce milimita 3 zuwa 4 ba, wato kamar robar da ke cikin biro mai riƙe tawada. Sun kewaye zuciya kamar rawani a kai, kuma sunansu na likitanci, koronari, daga kalmar Latin mai ma'anar kambi aka samo shi.

Da tafiyar shekaru, kitse da kolestarol suna taruwa a cikin bangon waɗannan jijiyoyi, daga baya sinadarin kalsiyam ya hau kai ya taurara su. Hawan jini, ciwon suga, shan taba, ƙiba da gado su ne ke hanzarta abin. Hanyar jini sai ta riƙa tsukewa sannu a hankali. Mutum yana zaune ba ya jin komai, domin zuciyar da ke hutawa ɗan jini kaɗan ya ishe ta. Sai ya hau bene ko ya yi sauri don ya riski jam'i, sai ya ji ƙirjinsa ya yi nauyi kamar an ɗora masa buhu, in ya tsaya mintuna kaɗan ya lafa. Galibi sai tsukewar ta kai wajen kashi 70 cikin 100 wannan alamar ke bayyana. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce wannan cuta ce kan gaba wajen kashe mutane a duniya, kusan miliyan 9 a shekarar 2019 kaɗai. A ƙasarmu lalacewar zuciya da hawan jini ke jawowa ta fi ta yawa, amma ita ma tana ƙaruwa, musamman a birane.

Gwajin farko da ake yi kusan ko da yaushe shi ne ECG, kuma in za a bi gaskiya shi ba hoto ba ne. Kowane bugu da zuciya ke yi, wata 'yar wutar lantarki ce ke ratsa tsokarta ta sa ta matse. Sai a manna wa mutum wayoyi 10 a ƙirji da hannuwa da ƙafafu, na'urar ta zana tafiyar wannan wuta a takarda, layi mai hawa da sauka. Wani likita ɗan ƙasar Holan, Willem Einthoven, shi ya ƙera na'urar farko mai inganci a farkon shekarun 1900. Nauyinta ya kai kilo 270, mutum biyar ke sarrafa ta, shi kuma majiyyaci sai ya tsoma hannuwansa da ƙafa ɗaya a bokitan ruwan gishiri. An ba shi lambar yabo ta Nobel a 1924. Yau na'urar a hannu ake ɗaukarta, gwajin kuma bai fi minti biyar ba.

Idan jijiya ta toshe gaba ɗaya a wannan lokacin, ECG yakan nuna, kuma a nan ne yake ceton rai. Amma mutumin da jijiyarsa ta tsuke sosai, in yana kwance a natse lokacin gwajin, takardarsa tana iya fita tas. Wannan shi ne kuskuren da ya fi yawa a gidajenmu. "Ai an yi masa hoton zuciya, an ce babu komai." ECG mai kyau bai wanke jijiyoyi ba. Haka ma hoton ƙirji na eksire, wanda ya samo asali daga hasken da Wilhelm Röntgen ya gano a Jamus a 1895: yana nuna ko zuciya ta yi girma, ko ruwa ya taru a huhu, amma jijiyoyin ba sa fitowa a cikinsa.

Sai eko, wanda shi ne sikanin na zuciya, irin wanda ake yi wa masu juna biyu. A nan 'yan ajin kimiyya za su ga tsohon saninsu, wato amsa-kuwwa. Kunnenmu ba ya jin sautin da karkarwarsa ta wuce 20,000 a daƙiƙa. Na'urar eko tana aika sauti mai karkarwa miliyan 2 zuwa miliyan 5 a daƙiƙa cikin ƙirji, ta saurari dawowarsa, kamar yadda jemage ke gane hanya a duhu. A cikin naman jiki sauti yana gudun mita 1,540 a daƙiƙa. To mu yi lissafi. In bangon zuciya na baya yana da nisan santimita 10 daga fata, zuwa da dawowa santimita 20 ke nan, wato mita 0.2. Mu raba 0.2 da 1,540, sai mu sami daƙiƙa 0.00013. Saboda ƙanƙantar wannan lokaci, na'urar tana iya aikawa da sauraro sau dubbai a daƙiƙa ɗaya, ta haɗa hoto mai motsi. Man nan mai yauƙi da ake shafawa a ƙirji kuwa ba magani ba ne. Iska ce ke tare irin wannan sauti, shi ya sa ake korar ta daga tsakanin fata da kan na'urar.

Yadda aka faro abin ma yana da ban sha'awa. A 1953, a garin Lund na ƙasar Suwidin, likitan zuciya Inge Edler da masanin Fiziks Hellmuth Hertz suka aro wata na'ura daga ma'aikatar ƙera jiragen ruwa ta birnin Malmö. Aikinta a can shi ne gano tsagewar da ta ɓuya a cikin ƙarfe. Suka ɗora ta a ƙirji, suka ga amsa-kuwwar bangon zuciya tana motsi.

Eko yana nuna ƙarfin matsawar zuciya, kaurin bangonta, da ko ƙofofinta suna rufewa daidai. Da shi ake gano raunin zuciyar da ke kama wasu mata bayan haihuwa, wanda likitoci suka daɗe da lura yana da yawa a Arewa. Amma su jijiyoyin koronari sun yi masa ƙanƙanta. Abin da yake gani sawunsu ne: ɓangaren bangon da jini bai ishe shi ba sai ya riƙa nawa, sauran bangon yana matsawa shi yana jan ƙafa.

Tunda zuciya a zaune takan ɓoye laifinta, sai likitoci suka ce to a sa ta aiki. A hau da mutum kan injin tafiya mai bel, kowane minti uku a ƙara gudu da tudu, bisa tsarin da likita Robert Bruce ya fitar a Amurka a 1963. Ana yi ana kallon ECG, ko kuma a yi eko kafin ya hau da kuma da zarar ya sauko, a kwatanta. Dattijon da gwiwa ta hana shi tafiya, sai a yi masa allurar da ke sa zuciya sauri yana kwance.

Akwai wata hanyar da ke amsa tambayar nan ta "ina jini ke kaiwa, ina ne ba ya kaiwa" ƙarara. Mai lambu in yana son sanin ko magudanarsa ta toshe, yana iya bin magudanar da ido, yana kuma iya tsayawa ya duba wane fangali ne ya jiƙe, wanne ya bushe. Hoton nukiliya duban fangali ne. Ana yi wa mutum allurar wani sinadari mai fitar da ɗan radiyeshan, galibi teknishiyam-99m, jini ya kai shi tsokar zuciya, wata kyamara ta musamman ta zagaya ƙirji tana kama hasken da yake fitarwa. Inda jini ya wadata sai ya haskaka, inda ya yi ƙaranci sai ya dushe. Ana ɗauka sau biyu, bayan an wahalar da zuciya da kuma lokacin hutu. Wurin da ya dushe a wahala amma ya haskaka a hutu, tsokarsa tana da rai, yunwa kawai take ji. Wurin da ya dushe a duka biyun, mai yiwuwa tabo ne na tsohon bugun zuciya. Kalmar nukiliya takan tsorata mutane, amma sinadarin ba ya daɗewa, kowane awa 6 ƙarfinsa yana raguwa da rabi, abin da kuka sani a Fiziks da haf-layif. Ga wani abu kuma da ya kamata ku riƙe: in da allurar buɗe jijiyoyi za a yi gwajin, akan hana shan shayi da kofi tun jajibiri, saboda sinadarin kafin da ke cikinsu yana kashe aikin allurar. Takardun asibiti ba kasafai suke ambaton goro ba, alhali shi ma cike yake da kafin. In Baba mai cin goro ne, ku tuna masa, ku kuma gaya wa ma'aikatan.

MRI ba ya amfani da radiyeshan ko kaɗan. Ƙaton maganaɗisu ne da igiyoyin rediyo ke aiki a kan haidirojin da ke cikin ruwan jikinmu. Babu kamarsa wajen bambanta tsoka mai rai da tabo, sai dai yana da tsada, yana cin lokaci, kuma dole mai wani ƙarfe ko na'ura a jikinsa ya faɗa kafin ya shiga.

Duk waɗannan daga gefe suke hasashen halin da jijiyoyi ke ciki. Ganin jijiyar ido da ido kuwa sai anjiyogiram, kuma tarihinsa ya fara ne da taurin kan wani matashi. A 1929, a wani ƙaramin asibiti a garin Eberswalde kusa da Berlin, likita Werner Forssmann, ɗan shekara 25, ya ce za a iya zura siririyar roba ta jijiyar hannu har cikin zuciyar mutum mai rai. A lokacin an yi imani duk abin da ya taɓa cikin zuciya kisa ne, don haka shugabansa ya hana. Wata nas ta yarda a gwada a kanta. Ya kwantar da ita ya ɗaure kamar da gaske, sai ya juya ya kashe zafin nasa hannun, ya zura wa kansa robar da ake aiki da ita a hanyar fitsari. Da robar a jikinsa ya taka da ƙafarsa zuwa ɗakin eksire, ya ƙarasa tura ta har kusan santimita 60, aka ɗauki hoton bakinta a cikin zuciyarsa. Maimakon yabo sai ya sha suka, har ya rasa aikinsa a babban asibitin Charité na Berlin, daga baya ya bar fannin zuciya ɗungurungum. Sai a 1956 aka ba shi Nobel tare da André Cournand da Dickinson Richards, waɗanda suka mayar da dabararsa aikin yau da kullum a Amurka. Ba muna yabon gangancin ba ne, a yau babu hukumar asibitin da za ta lamunci haka, kuma da gaskiyarta.

Forssmann ɗakin zuciya ya shiga, bai shiga jijiyoyinta ba. Wannan sai a ranar 30 ga Oktoba, 1958, kuma bisa tsautsayi. Likita Mason Sones na asibitin Cleveland a Amurka yana shirin zuba rinin da ke fitowa a eksire cikin babbar jijiyar wani matashi ɗan shekara 26, sai bakin robar ya zame ya faɗa jijiyar koronari ta dama, rinin ya tafi can. Zuciyar ta tsaya na 'yan daƙiƙu. Sones ya daka wa majiyyacin tsawa ya yi tari, zuciya ta ci gaba da bugawa, ga kuma hoton jijiyar ya fito raɗau. Daga nan ya gane cewa in an rage yawan rinin, za a iya yin haka da gangan lami lafiya.

Yau ta wuyan hannu ko matsematsi ake shiga, mutum yana farke, allurar kashe zafi kawai ake yi a wurin. Ana kallon majigi, rini yana bin jijiya kamar baƙar tawada, inda ta tsuke sai a ga layin ya sirance kamar an ɗaure shi da zare. Babbar falalarsa ita ce a zama ɗaya ana iya gyara. Tun da Andreas Grüntzig ya fara buɗe jijiya da ɗan balan-balan a birnin Zurich a watan Satumba na 1977, sannan aka zo da 'yar ragar ƙarfen da ake bari a ciki don ta tokare bangon a 1986, mutumin da ya iso da jijiya a toshe yana iya fita ɗakin jini yana gudu. Amma shiga jiki ne, yana da ɗan haɗarinsa, ga tsada, ga ƙarancin wuraren da ke yin sa a ƙasar nan. Ba gwajin da ake yi wa kowa don "a duba kawai" ba ne.

Wannan giɓi ne CT ya zo ya cike. Injiniya Godfrey Hounsfield ya ƙera na'urar a Ingila, aka fara gwada ta a kan majiyyaci a Landan a 1971, amma kai kawai take iya ɗauka, domin tana da nawa, kai kuma ba ya motsi. Ɗaukar zuciya kamar ɗaukar hoton yaro ne yana tsalle. Sai da aka sami na'urori masu yanka 64 a zagaye ɗaya, wajen 2004, abin ya kankama. Ana ba mutum maganin da ke rage bugun zuciya zuwa wajen 60 a minti, a sa rini ta jijiyar hannu kamar ƙarin ruwa, ya riƙe numfashi na 'yan daƙiƙu, shi ke nan. Ba a zura komai zuwa zuciya.

CT yana da wata baiwa da ko anjiyogiram ba shi da ita. Anjiyogiram ramin jijiya yake nunawa, CT kuwa har bangon yake gani. Wannan yana da muhimmanci domin bugun zuciya da yawa ba daga jijiyar da ta tsuke sosai yake zuwa ba. Wani matsakaicin tarin kitse ne, wanda bai taɓa sa mutum haki ba, ke fashewa kwatsam, jini ya daskare a kansa ya rufe hanya. In an ga irin wannan tarin da wuri, sai a fara maganin rage kolestarol. Wani bincike da aka yi a Sikotilan a kan mutum 4,146 masu ciwon ƙirji, wanda aka wallafa a 2018, ya nuna cewa cikin shekara biyar kashi 2.3 cikin 100 na waɗanda aka yi wa CT ne suka sami bugun zuciya ko suka mutu da cutar, a kan kashi 3.9 na waɗanda ba a yi wa ba. Ba hoton ne ya warkar da su ba, ganin cutar ne ya sa aka fara magani. Rinin CT da na anjiyogiram ta ƙoda yake fita, shi ya sa ake gwada ƙoda tukuna, mai juna biyu kuma lalle ta faɗa kafin duk wani hoto mai radiyeshan.

A ganinmu, gwajin da ya fi tsada ba shi ne ya fi kyau ba, kuma zuwa cibiyar hoto da kuɗi a hannu ba tare da likita ya tura ba ɓarnar dukiya ce. Likita yana fara sauraron labarin ciwon, ya duba shekaru, hawan jini da suga, sannan ya zaɓi tambayar da zai yi wa zuciya. Abin da za ku iya yi in kun raka wani shi ne ku tambaya cikin ladabi: "Likita, wannan gwajin me zai nuna, me kuma ba zai nuna ba?"

Akwai kuma lokacin da ba a jiran ranar layin hoto. Nauyi ko matsewa a tsakiyar ƙirji da ya wuce 'yan mintuna mutum yana zaune, yana tafiya hannun hagu ko muƙamuƙi ko baya, ga zufa, ga haki ko tashin zuciya, wannan asibiti ne nan take. Sau da yawa a gida cewa ake yi olsa ce ta tashi, a kawo madara ko maganin kemis a jira gari ya waye. Tsokar da jini ya yanke mata tana fara mutuwa cikin rabin awa, wadda ta mutu kuma ba ta dawowa. Masu ciwon suga, mata da tsofaffi wani lokaci ko ciwon ƙirjin ba sa ji, sai haki da kasala. A asibiti ECG za a fara yi, tare da gwajin jini na sinadarin tiroponin da ke fita daga tsokar zuciya in ta ji rauni.

Ga masu tunanin abin da za su cike a fom ɗin JAMB, ba likita kaɗai ke wannan aiki ba. Masu sarrafa na'urorin nan suna da nasu digirin, Radiyogirafi, kuma ana karanta shi a Jami'ar Bayero ta Kano, Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato da Jami'ar Maiduguri. Fiziks, Kemistiri da Bayoloji ake nema, tare da Turanci.

Ga aikin gida. An yi wa majiyyaci allurar teknishiyam mai ƙarfin awo 800 da ƙarfe 8 na safiyar Litinin. Ba tare da lissafa wanda ya fita ta fitsari ba, nawa ya rage da ƙarfe 8 na safiyar Talata? Na biyu: na'urar eko ta ji amsa-kuwwa bayan daƙiƙa 0.0001, santimita nawa ne nisan abin da sautin ya daka? Kada ku manta sautin zuwa ya yi ya dawo. Za mu kawo amsoshin a mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.